Ina da ciwon suga, na fara azumin rage ƙiba a ɓoye har na kusa faɗuwa

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 43, yarana huɗu, shekara uku kenan da aka ce ina da ciwon suga nau'i na biyu. Ina shan metformin safe da dare, sai glibenclamide ƙwaya ɗaya da safe. Nauyina kilo 98, kuma duk zuwan da zanyi asibiti maganar ɗaya ce, Hajiya ki rage ƙiba, amma ba wanda ya taɓa zaunar dani yace ga yadda zanyi. Wata ƙawata ta fara azumin nan da ake yayi, wanda mutum zai yi awa 16 ba ya cin komai sai ruwa, ya ci abincinsa a cikin awa 8, wallahi cikin wata uku ta zube kamar ba ita ba. Ita dai ba ta da suga. Sai nima na fara ban faɗa wa kowa ba, ina shan maganina da safe yadda na saba amma ba na karyawa sai ƙarfe ɗaya na rana. A kwana na huɗu wajen sha ɗaya ina tsaye ina guga sai jikina ya ɗauki rawa, zufa ta keto min, ina gani dishi-dishi, da ƙyar 'yata ta kama ni ta zaunar ta bani lemo. Da maigida ya ji ransa ya ɓaci sosai, yace kar ya ƙara jin maganar azumin nan a gidansa, wai na fi son a ce nayi kyau akan raina. Ita kuma ƙawata tace haka jiki yake yi da farko, in daure, ai ma maganin ne ya kamata in ajiye tunda azumin shi kansa magani ne. Ni gaskiya na gaji da jikin nan, gwiwoyina kullum ciwo, kuma mahaifiyata suga ne ya cinye mata ido kafin ta rasu, ina tsoro. In ci gaba ko in haƙura?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu, Allah ya ƙara sauƙi, ya jiƙan Mama da rahama.

Bari in fara da abin da ba zai jira ba. Daga gobe da safe ki koma karyawa, ki sha ƙwayarki tare da abinci yadda aka rubuta miki, kar ki ƙara yin azumin nan ko na yini ɗaya har sai kin zauna da likita, kuma kar ki ajiye magani ko ƙwaya ɗaya da kanki. Ba ina cewa kin rabu da azumin har abada ba, za mu zo wajen, amma yadda kika yi shi ɗin nan yana iya kashe mutum, ba kuma tsorata ki nake ba.

Abin da ya same ki a wajen guga, duk alamun da kika lissafa na faɗuwar suga ne. Glibenclamide aikinta shi ne ta matsa wa pankiriyas, wata gaɓa da ke cikin ciki, ya fitar da insulin, wato sinadarin da ke kwashe suga daga jini, kuma ba ruwanta da kin ci ko baki ci ba, ga shi tana daɗewa a jiki tana aiki, ta kan kai yini. Likitan da ya rubuta miki ita ya rubuta ne da tunanin mace ce mai karyawa da safe. Ke kuma kin sha ta da ruwa a cikin da rabonsa da abinci tun daren jiya, insulin ya fito bai tarar da abinci ba, sai ya kwashe ɗan sugan da ya rage a jini. Da zarar suga ya yi ƙasa da 70 a na'urar awo, ko 3.9 in taki mai ƙirga ƙananan lambobi ce, jiki zai fara ƙara: rawar hannu, zufa, faɗuwar gaba, yunwa mai zafi, saurin fushi. In ya sauka ƙasa da 54 ƙwaƙwalwa ce ta fara rasa abincinta, daga nan sai ruɗewa, magana ta sarƙe, wani ya suma ko ya yi farfaɗiya. Allah ne ya sa 'yarki tana kusa kuma ta yi dabarar lemon nan, ki sa mata albarka, daidai ta yi.

Toh kinga nan ne maganar ƙawarki ta karye. Ni ban ɗauka da mugun nufi ta faɗa miki ba, abu ya yi mata aiki tana so ke ma ki samu, haka mutane suke. Amma jikinta da naki ba ɗaya ba ne. Ita in ta ƙi cin abinci, jikinta da kansa zai rage insulin, hanta ta riƙa sako sugan da ta ajiye a hankali, shi yasa iyakarta ɗan ciwon kai da kasala a satin farko sai ya wuce. Ke akwai ƙwaya a jininki da ta hana jiki yin wannan gyaran. Abin da ake daurewa daban, naki ba a daure masa. Batun ki ajiye magani kuwa, wannan kam ki rufe kunnenki, domin suga in ya hau ba ya ihu kamar in ya faɗi, shiru yake yi yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, wato ainihin abin da kike gudu. Ba sai kun ɓata ba, ki ce mata kawai likita yace maganin da nake sha ba ya tafiya da dogon azumi, in ya gyara min zan sanar dake. Shikenan.

Maigida kuma, ki yi masa uzuri ta wani wajen. Mutum ya dawo gida aka ce matarka ta kusa faɗuwa ga dutsen guga a hannu, kuma abin da ya jawo an ɓoye masa, tsoro ne ya fito masa ta hanyar faɗa. Sai dai maganar da ya yi cewa kyau kike nema, wannan bai miki adalci ba, kuma nasan ita ce ta fi miki ciwo. Na karanta wasiƙarki sau biyu ban ga mace mai neman a yaba mata ba, na ga wadda ta zauna da uwa tana makancewa a gabanta, yanzu kuma aka ce mata ke ma kina da irin ciwon. Ko da kyan ma kike so ai ba laifi ba ne. Ina jin bai san wannan tsoron naki ba, don ke ma da alama ba mai faɗa ba ce, tunda har kika iya kwana huɗu kina abu ba wanda ya sani. Ki samu lokacin da ya huce, ki ba shi haƙuri akan ɓoyewar, a nan yana da gaskiya, sannan ki faɗa masa maganar Mama kamar yadda kika faɗa min, ki roƙe shi ya raka ki asibiti ya ji da kunnensa. Namijin da ya ji daga bakin likita cewa rage ƙibar nan magani ne, sau da yawa shi ne zai koma yana tuna miki awo.

Yanzu shi azumin kansa. Ra'ayina shi ne hanya ce mai kyau ga wasu, amma an zuzuta shi fiye da kima. Yawancin amfaninsa daga abu ɗaya yake zuwa, in ka taƙaita lokacin ci, ka rufe kicin da wuri, sai ka tarar abin da ka ci a yini ya ragu ba tare da ka zauna kana lissafi ba. A 2022 an wallafa wani bincike da aka yi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, mutum 139 masu ƙiba, aka raba su biyu, duka aka rage musu abinci, amma rabi aka ce su ci daga 8 na safe zuwa 4 na yamma kaɗai. Bayan shekara masu azumin sun rage wajen kilo 8, sauran wajen kilo 6, bambancin da masu binciken suka ce bai kai a dogara da shi ba. A masu ciwon suga kuma, wani da aka yi a Jami'ar Illinois da ke Chicago a Amurka, aka fitar a 2023, mutum 75 na tsawon wata shida, masu ci daga 12 na rana zuwa 8 na dare sun ɗan fi masu ƙirga kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, rage nauyi, amma saukar suga kusan ɗaya ce a ɓangarorin biyu. Kuma a can ana bibiyar sugansu da magungunansu, ba a gida suka yanke wa kansu ba. Akwai ma wanda aka yi a New Zealand a 2018 akan masu suga da ke rage abinci sosai kwana biyu a sati, duk da an rage musu magani tun farko, faɗuwar suga ta ninka kusan sau biyu a ranakun azumin. Wato yana aiki, yana kuma da haɗari ga mai shan irin ƙwayarki, duka biyun gaskiya ne.

Abin da zai faranta miki shi ne, rage nauyin kansa, ta kowace hanya aka bi, yana da tasiri sosai akan irin ciwonki, balle ke da shekara uku kacal. A wani babban bincike da aka yi a Birtaniya mai suna DiRECT, wanda sakamakonsa ya fito a ƙarshen 2017, kusan rabin waɗanda suka bi tsarin rage abinci mai tsauri sugansu ya dawo daidai ba magani bayan shekara ɗaya, a cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86 cikin 100 ne. Ba azumin awanni suka yi ba, kuma a hannun ma'aikatan lafiya suka yi, sannan ciwon lafawa yake yi, in ƙiba ta dawo shi ma yana dawowa. Na kawo shi ne don ki san fatan da kike yi ba mafarki ba ne. Amma ba daga 15 zaki fara ba. Kashi 5 zuwa 10 na nauyinki, kilo 5 zuwa 10 kenan, ya isa ki ga canji a awon suga da hawan jini da gwiwoyin nan, kuma rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati shi ne tafiyar da ke ɗorewa. Sannu ba ta hana zuwa.

Likitoci suna da nasu laifin, ba zan kare su ba, ce wa mutum rage ƙiba a sallame shi ba shawara ba ce. Sai dai layi yana da tsawo, mintunan kaɗan ne, don haka ke zaki je da shiri. In baki da na'urar awon suga a gida ki nema, in dai azumin nan kike so to ita ce sharaɗi na farko. Ki yi sati ɗaya ko biyu kina cin abincinki yadda kika saba kina awo, da safe kafin ki ci komai, awa biyu bayan babban abinci, da kafin kwanciya, ki rubuta a ɗan littafi da lokaci da abin da kika ci. Ga mafi yawan manya ana so na safe ya tsaya tsakanin 80 da 130, na bayan abinci ƙasa da 180, amma likitanki ne zai faɗi naki. Ki je da littafin da kwalayen magungunanki gaba ɗaya har na hawan jini in kina sha, don masu sa fitsari suna ƙara jiri in ciki ba komai. Kar ki ɓoye masa abin da ya faru saboda kunyar faɗa, da shi ma zaki fara: na sha glibenclamide ban karya ba, na kusa suma. Sannan ki tambaye shi kai tsaye, ina so in gwada taƙaita lokacin cin abinci, wannan ƙwayar za a rage ta ne, ko a mayar da ita lokacin abincin farko, ko a canza min wata? Akwai magungunan da ba su cika faɗar da suga ba, metformin ɗin da kike sha ma yana cikinsu in shi kaɗai ne, sai dai shi da abinci ake so a sha don kar ya dami ciki. In ya kawo maganar magungunan suga irin su empagliflozin ko dapagliflozin ki tuna masa zancen azumin, domin su suna fitar da suga ta fitsari, suna jawo ƙarancin ruwa, kuma da dogon rashin ci suna iya sa jini ya yi tsami ko da awon suga bai hau ba. Ki nemi a miki gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suganki na wata biyu zuwa uku, da gwajin ƙoda. Kuma saboda Mama, dan Allah ki nemi a tura ki wajen likitan ido a duba can cikin idon, duk mai suga ana so ya yi haka akai-akai, galibi sau ɗaya a shekara, ko yana gani garau, saboda in aka kama ɓarnar da wuri ana tare ta.

In ya amince ya gyara maganin, kar ki koma awa 16 kai tsaye. Ki fara da awa 12, ki gama cin dare ƙarfe 7, ki karya 7 na safe, kusan duk a barci zai wuce. Ki yi sati biyu a haka kina awo, in lambobin sun zauna ki ƙara zuwa 13, sannan 14. Mutane da yawa a 14 suke tsayawa kuma ya ishe su. Ni da za ki bi tawa, ta dare zaki yanke ba ta safe ba, wato ki ja abincin dare ya dawo da wuri maimakon ki tsallake karyawa, saboda jiki ya fi iya sarrafa suga da farkon yini, ga shi ya fi dacewa da mai shan magani da safe, kuma ciye-ciyen dare a gaban talabijin ko ana danna waya yana cikin abubuwan da ke tara mana teɓa. Matsalar dai ita ce abincin dare da iyali, musamman in maigida mai dawowa a makare ne, toh ki zauna dasu da kofin shayinki ba suga a yi hira, ba sai kin ci ba. Wannan azumin ba a barin ruwa a cikinsa, ki sha sosai, da shayi ko kofi marar suga marar madara.

Sai abin da zaki ci in lokaci ya yi, nan ne da yawa suke rushe abin da suka gina, a wuni da yunwa sannan a zauna a rama da tulin farar shinkafa ko burodi da lemon kwalba, suga ya yi tsalle ya wuce 250. Ki raba farantinki, rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu abin gina jiki kamar ƙwai, kifi, kaza ko wake, sauran kashi ɗayan shi ne na sitaci, kamar shinkafa ko tuwo. Ki fara da ganyen da naman, sitacin ya zo ƙarshe. Abin gina jikin nan kar ki yi wasa da shi, don mai rage nauyi ba kitse kaɗai yake zubarwa ba har da tsoka, ita kuwa tsoka ita ce ta fi shanye suga daga jini. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana sauke suga sosai, ko a tsakar gida ne ki yi ta zagaye, a hankali ki kai minti 150 a sati in gwiwa ta bari. Amma banda motsa jiki mai ƙarfi a ƙarshen awannin azumi.

Ki zaunar da 'yarki da maigida ku haddace wannan tare. Duk lokacin da kika ji rawar nan ko zufa, ki auna, in ƙasa da 70 ne azumi ya ƙare a take, ko saura minti goma ya cika. In na'urar ba ta kusa kar ki tsaya nema, ki ɗauka faɗuwa ce. Ki sha rabin kofi na lemo mai suga, ko cokali ɗaya babba na suga ko zuma, ki jira minti 15 ki sake aunawa, in bai hau ba ki maimaita, in ya hau ki bi da abinci na sosai, saboda irin ƙwayarki tana iya sake kayar da shi bayan wasu awanni. Ki riƙa yawo da alewa ko ƙullin suga a jaka, kuma kar ki tuƙa mota a cikin azumi baki auna ba. In kuma, Allah ya kiyaye, suka tarar dake baki cikin hayyacinki, kar su ɗura miki komai a baki, zaki iya shaƙewa, su kwantar dake ta gefe a tafi asibiti da gaggawa. Haka in awo ya haura 300, ko kina amai, ko zazzaɓi ya kama ki, ranar ba azumi, ki nemi likita.

Yana iya yiwuwa likita yace a'a, kuma in ya faɗi dalili ki karɓa. Akwai waɗanda ba a so su yi sam ko sai da sa ido sosai: mai ciki ko mai shayarwa, mai suga nau'i na ɗaya, mai allurar insulin sau da yawa a yini, mai ciwon ƙoda, wanda sugansa ke yawan faɗuwa ko yake faɗuwa bai ji alama ba, da wanda ya taɓa fama da matsalar ƙin ci ko ci ba ƙaƙƙautawa. A shekarunki ciki bai wuce yiwuwa ba, in akwai shakka a duba. In aka hana ki baki yi asarar komai ba, ki ci sau uku a lokaci tsayayye da irin farantin da na faɗa, ki yanke lemon kwalba da ciye-ciyen tsakani, ki rufe kicin bayan abincin dare, ki nemi a haɗa ki da masanin abinci in asibitin suna da shi. Binciken da na kawo miki ai sun nuna wannan hanyar ma tana kaiwa inda waccan take kaiwa. Kuma ko ta nan kika bi ki ci gaba da awo, don in nauyi ya fara sauka maganin da ya dace dake a kilo 98 zai iya yi miki yawa a kilo 90, sai an koma an rage.

Sikeli sau ɗaya a sati ya isa, rana ɗaya, da safe, kar ki mayar da shi abin hawa kullum yana ɓata miki rai, wani satin ba zai motsa ba alhali zanenki ya fara yi miki yawa. Bayan wata uku a sake gwajin HbA1c, ki rubuto min abin da ya nuna da yadda kuka ƙare da maigida, ina so in ji. Allah ya baki lafiya mai ɗorewa.